Na Kai wa Ƙauye Layin Ƙauye

Tun da na dawo ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. A majalisarmu ta Bolori nan Maiduguri, a kasuwar shanu, har a bakin masallaci, kowa sai ya ja ni gefe ya ce wai da gaske ne na fita ƙasar waje? Da gaske ne. Sau biyu ma na fita a mako guda, kuma duk don in je wani ƙauye da ke cikin Najeriya in dawo. Na gaji da maimaitawa, ga shi nan a takarda. Wanda ya ga rubutun ya karkace ya yi haƙuri, wata huɗu na yi a ajin yaƙi da jahilci, shi ma don inuwar wurin tana da sanyi ne.

Abin da ya tashe ni ba yawon buɗe ido ba ne. Ina da yaya mace, Adda Dija, ita ta goye ni. Lokacin da tashin hankali ya kore su daga ƙauyenmu na can gabas, wajen 'yarta Hafsatu ta zauna a unguwar Dala, nan cikin gari. Shekara uku da suka wuce aka ce mutane su koma garuruwansu, Adda ta ɗaure ƙullinta ta ce ita ba za ta mutu a garin da ake sayen nono a roba ba. Hafsatu ta yi magiya, ta yi kuka, da ta ga ba ya ci sai ta ce mata in ta tafi ta ɗauka ba ta haife ta ba. Adda ta hau mota ba ta waiwayo ba. Tun ranar ba su ji muryar juna ba.

To sai ga Hafsatu a gadon asibiti, likitoci sun ce akwai ƙari a cikinta, ranar Alhamis da safe za a yi mata aiki. Na je duba ta ranar Lahadi. Ta riƙe bakin rigata ta ce, "Kawu, ba wuƙar nake tsoro ba. Kada in je can da maganar nan a kaina." Tana so uwarta ta yafe mata, kuma ta ji da kunnenta. Adda kuwa ƙafafunta ba za su iya hanyar ba da damina.

Ni kuma dillalin shanu ne, bakina ya saba alkawari kafin kaina ya yi lissafi. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ai rediyo kullum tana faɗa cewa an kafa ƙarfen sabis a ƙauyukan da kamfanoni suka ƙi zuwa don babu riba, gwamnati ce ta ɗauki nauyi, har an fito da layi mai rangwame na mutanen karkara. Ƙauyenmu ma na ji an ambace shi. Zan kai wa Adda waya, kafin Alhamis za su gaisa.

Waya ba ta yi wuya ba, na sayi 'yar ƙarama mai tocila, irin wadda ake kira rakani-kashi. Layin ne ban san inda ake samu ba. Abokina Ba Modu, Babarbare mai sayar da huluna, wanda ni da shi ba ma rabuwa kuma ba ma shiri, ya ce banda Bafulatani wa zai je neman layin ƙauye a ƙauye? Ya ja ni unguwar Fezzan, gindin wani dogonyaro, wurin wani mutum mai tebur da lema. Mutumin ya buɗe gwangwanin madara, ga layukan karkara nan cike fal. Ashe duk a cikin Maiduguri suke. Ba Modu kansa yana da uku, shi da rabonsa da ƙauye tun ranar da aka yi masa zanen fuska. Mai teburin ya tambaye ni sunan ƙauyen da zai rubuta, na faɗa masa na gaskiya. Ya ɗago ya dube ni da mamaki, ya ce ni ne na farko da ya ba shi suna ba tare da ya tsaya tunani ba.

Litinin da sassafe ina tashar Muna. Ku da ba ku bin hanyar Dikwa, ku sani ba a tafiya sai an buɗe hanya, kuma ba a buɗe ta sai masu kaki sun ga dama. Muka jera motoci kamar masu jiran gawa. Da aka tashi kuma, ramukan hanyar suka karɓe mu. Ni dai na taɓa jin an ce akwai kwalta a wurin, kuma ban ƙaryata ba, na ga guntunta sau biyu.

Kusa da ni wani mutum ne mai tabarau da riga 'yar shara, da wata faffaɗar waya kamar faranti. Ya ce an turo shi ne ya rubuta yadda mutanen karkara ke amfana da shirin sadarwa. Na tambaye shi ƙauyuka nawa zai shiga. Ya ce a'a, a Gamboru zai tsaya, ai mutanen ƙauye suna zuwa tasha da ƙafarsu. Da ya ga rawanina da sandata sai idonsa ya yi haske, ya ce ko Baba yana da layin karkara? Na ce ga shi a aljihu. Ya ce ya canza mini rayuwa? Na ce ƙwarai, jiya ba ni da shi, yau ina da shi. Ya rubuta. Ya tambayi sana'ata, na ce shanu. Ya rubuta makiyayi. Ya ɗauke ni hoto ina riƙe da wayar a kunnena, ita kuwa a kashe. Saboda haka in kun ga wani tsoho mai haƙori biyu a sama a jikin wata takarda, an ce ga mutumin karkara yana murna, ni ne, shekarata arba'in da ɗaya a Bolori.

Mun isa Gamboru da la'asar. A nan aka gaya mini abin da na riga na sani na ƙi yarda: da damina babu hanyar ƙauyenmu ta cikin Najeriya, ruwa ya shanye ta. Sai ka haye gada ka shiga Kamaru, ka bi gefen kogi, sannan ka sake hayowa gida. Wato ƙasarka ta kafa maka ƙarfen sabis a wurin da ita kanta ba ta iya zuwa sai ta roƙi maƙwabta hanya.

A ɗaya bakin gadar wani jami'i dogo ya miƙo hannu yana Faransanci. Ba Modu ya koya mini cewa duk abin da aka ce in ce wi, wato e. Na ce wi. Ya sake magana, na ce wi. Ya ɗaga murya, na ƙara wi biyu. Wata mai kifi a bayana ta ce tambayata yake ko kurma ne ni. Takarda yake so. Na lalubi aljihu, hannuna ya faɗa kan katin ƙungiyarmu ta dillalai, wanda hoton bajimi ya cinye rabinsa, nawa kuma gumi ya goge shi tuntuni. Jami'in ya dubi bajimin, ya dube ni, ya sake duban bajimin. Ya kira abokin aikinsa, suka duba tare. Mai kifin ta fassara mini cewa wai na rame. Kafin in samo katin ɗan ƙasa a cikin hulata sun yi dariyar da ta ishe su, suka ce in wuce.

Ina taka ƙasarsu, tsohuwar wayata ta yi ƙara. Saƙo ne da Faransanci. Aka karanta mini: wai suna yi mini barka da zuwa. Shekara sittin da bakwai ina Najeriya, ba wanda ya taɓa aiko mini da sannu.

Na sauka a wani masauki da suke kira oberji. Ɗaki ne da gado da guga. Mai wurin ya rubuta sunana da na ubana da na uwata, abin da ko ranar aurena ba a tambaye ni ba. Da safe aka kawo shayi da burodinsu, dogo kamar sandar kiwo, kuma ƙarfinsu ɗaya. Na ga mutane suna tafe da shi a hammata babu leda, wani har yana nuna hanya da nasa. Namu burodin ka san ba shi da gaskiya, iska ce da sukari, amma yana tausayin tsoho. Wannan sai da na jiƙa shi kamar wanki, duk da haka ya tafi da fatar dasashina. Kifinsu kam ba ni da ta cewa, sun iya gashi, sai dai barkonon da suke zubawa ina jin da niyyar ramuwa ne.

Daga nan sai babur. Ku tuna mu a Maiduguri an raba mu da babur shekara da shekaru, ƙuguna ya manta da shi. Mai babur ɗin wani Bashuwe ne mai furfura, ya ce in riƙe shi sosai. Na ce ni namiji ban riƙe namiji. Ramin farko na rungume shi kamar amarya, ban sake shi ba sai bakin kogi. Muka haye a kwalekwale, ga ni a Najeriya kuma. Babu tuta, babu jami'i, babu saƙon barka. Abin da ya tarbe ni laka ce, baƙar lakar nan ta firgi mai kama ƙafa kamar ta san ka. Ta karɓi takalmina na hagu. Na tsaya roƙonta, ta karɓi na dama.

Haka na shiga ƙauyen ubana ranar Talata da yamma, ba takalmi, laka har gwiwa, da waya a leda a kan rawani.

Tun daga nesa na hango ƙarfen. Wallahi ya yi kyau. Dogo, ja da fari, an kewaye shi da waya, ga ƙofa da kwaɗo, ga allo da Turanci a garin da ko Hausa sai an yi da hannu. Na ciro wayar Adda na kunna. Babu ko sanda ɗaya.

Adda ta tsufa, amma bakinta bai tsufa ba. Ta dube ni daga sama zuwa ƙasa ta ce birnin ne ya mai da ni haka, ko dama can haka nake ita ce ba ta lura ba? Ta ba ni ruwa, ta ba ni kindirmo na gaskiya wanda cokali ke tsayawa a ciki. Na faɗa mata Hafsatu tana asibiti, jibi za a yi mata aiki. Ta tashi ta shiga gyara igiyar ɗan maraƙi, igiyar da babu abin da ya same ta.

Na nufi wurin Bulama, mai garin, don mabuɗin kwaɗon yana hannunsa. Shi ya ba ni tarihin ƙarfen. Ranar buɗewa manya suka sauko a jirgi mai saukar ungulu, aka yanka zare, wani mai babbar riga ya kira wani mai babbar riga a Abuja, aka tafa. Sabis ya yi aiki har wata biyu. Amma layin rangwamen da aka ce za a raba, har yau ba su ga ko ɗaya ba. Da na nuna masa nawa sai ya karɓa da hannu biyu, ya juya shi, ya kira mutane su zo su gani. Ni ne na fara kawo layin ƙauye ƙauye, daga Fezzan.

Na ce to me ya kashe sabis ɗin? Ya ce batiran da za su riƙe wuta an ce suna hanya, bara ke nan. Saboda haka sai da rana tsaka yake aiki, daga farantan sola kai tsaye. Da damina ta faɗi kuma sai shamuwa suka zo suka ga an gina musu bene kyauta. Ya nuna mini. Sheƙa uku a sama, farantan kuwa a ƙasa sun yi fari fat da kashi, kauri kamar an yi musu shafe. Tun daga lokacin, mai son waya sai ya yi tafiyar awa biyu zuwa wani tudu a bakin kogi ya kamo sabis ɗin Kamaru, ya gaisa a tsaye da sauri kafin katinsa ya ƙone.

Na ce ai wankewa kawai za a yi. Bulama ya ja da baya. Ya ce injiniyan da ya ba shi mabuɗin ya ce duk wanda ya taɓa kayan nan gidan yari zai ƙare, kuma a rubuce yake a allon. In wani abu ya lalace a kira lambar da ke ƙasa. Na ce a kira ta da me? Ya ce su ma abin da suka yi ta tambayar junansu ke nan.

Nan na yi abin da na iya. Na tsaya gaban allon na ɗora hannu a goshi, ina motsa baki kamar mai karatu. Na ce Bulama, an yi maka gajeren bayani. Layin sama ya ce kada a taɓa da hannu. Layin ƙasa ya ce amma da tsintsiya babu laifi. Ya ce na tabbata? Na ce ni da hotona yake wurin masu shirin? Allah ya yafe mini, ban san ko kalma ɗaya a allon ba. Ina jin shi ma ya san ban sani ba. Ya dai miƙo mabuɗin yana kallon wani wuri, ya ce shi gobe da safe zai je duba gonarsa.

Laraba da hantsi na shiga da guga da tsintsiyar kwakwa da na ɗaura a gora. Ban taɓa sanin tsuntsu yana da zuciya ba sai ranar. Ina wankewa suna sabuntawa, ɗaya ma ta auna rawanina ta samu. Mutanen gari suka kewaye shingen suna ba da shawara, ba wanda ya shigo. Guga bakwai na ɗebo. Wajen azahar wani akwati a gindin ƙarfen ya fara ƙugi, 'yar fitila ta yi kore. Wayar Adda ta kawo sanda uku. Gabas kuma hadari ya fara haɗuwa.

Na ruga gida, gudun da rabona da shi tun wani sa ya kore ni a kasuwa. Adda tana zaune a tabarma tana tsince gero. Na buga lambar mijin Hafsatu, ta shiga. Na ji muryarta, siririya: "Kawu, Inna tana kusa?"

Na miƙa wa Adda wayar. Ta juya mini baya.

Na zaga ta gabanta, ta sake juyawa. Raina ya ɓaci. Na ce Adda, na bar fatar bakina a Kamaru, na bar takalmina a laka, tsuntsu ya yi mini abin da ya yi, ke kuma ki tsaya fushi da marar lafiya? Ta ce da ni a hankali, da Fulatanci, wai ashe birnin har kunyata ya cinye.

Sai a lokacin na tuna. Hafsatu 'yar fari ce. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama ta yi hira da shi ido da ido, balle a gaban mutane. Duk zaman da suka yi a Dala, ta bakin jikoki ake aike, ko ta yi magana tana kallon bango. Ni da na sha nono ɗaya da ita, na ratso ƙasa biyu ban tuna ba. Masu jirgin sama da suka zo haɗa uwa da 'ya da ƙarfe su kam ba su da laifi a nan, ba su taɓa sani ba balle su manta.

Inuwar hadarin ta iso bakin gari. Na danna sifika na ajiye wayar a kan turmi, na koma gefe. Na ce Hafsatu ki yi magana, ni kaɗai ne a nan.

Ta gane. Ta yi magana, tana yi tana tsayawa numfashi. Ta ce maganar da ta faɗa a tasha tsoro ne ya sa ta, ba ta taɓa kwana ba ta tuna ta ba. Ta ce gobe za a shiga da ita, ba ta san ko za a fito da ita ba. Hannun Adda ya tsaya a cikin geron.

"Buba," in ji ta, bayanta na wajen turmin. "Abin nan yana jin maganar da ba da shi ake ba?"

Na ce yana ji.

"To ni da kai nake. Ban san wata da ta yi mini laifi ba. In ma akwai, na yafe tun kafin motar ta fita gari, duniya da lahira." Ta gyara mayafinta. "Ka ce wa masu asibitin su bi a hankali. Akwai masu tsoron jini tun suna ƙanana."

Daga cikin wayar muka ji kuka, sannan rana ta shige hadari, sandunan suka zube ɗaya bayan ɗaya. Adda ta ci gaba da tsintar geronta. Can ta tambaye ni ko an ji. Na ce an ji. Ta ce ita dai da ni take.

Ban tafi ba sai da na ga Alhamis. Na sake wanke farantan da safe, muka zauna ni da turmi muna jira. Bayan azahar mijin ya kira, ya ce an fito da ita, ta farfaɗo, har ta nemi ruwa. Na faɗa wa Adda. Ta ce wa ya tambaye ni? Ta tashi ta kama zakaran da ya fi kowanne girma a gidan ta ba da a yanka, aka raba wa maƙwabta.

Dawowa kamar zuwa ce, sai dai da aron takalmin Bulama, kuma jami'in gadar da ya gan ni ya yi kukan bajimi. Hafsatu tana gida yanzu, tana takawa a hankali. Ba Modu ya ce a ba shi labarin yadda Bafulatani ya zama injiniya, na ce ya fara mai da layuka ukun da ya ci na marayu.

Injiniyar gaskiya kuwa na bar ta a can. Ranar Juma'a da zan taho, na je mayar wa Bulama mabuɗi na tarar ba ya inda na ajiye shi. Na leƙa wurin ƙarfen, ƙofa a buɗe. Ga Adda a ciki, tsohuwa mai shekara saba'in da ɗoriya, ta ɗaure zane a ƙugu, wayar a ƙulle a bakin mayafinta, tana ta dirzar kayan gwamnati da gorata. Na ce Adda, kiran wa ake jira haka?

Ba ta juyo ba. Ta ce ba ta jiran kowa, tsuntsayen ne ba su da tarbiyya.